Yadda ake zaɓen gidan ajiyar kare ko kyanwa in tafiya ta kama ka

Duk mai kiwon kare ko kyanwa ya san wannan damuwar, tafiya ta taso, ko ta kwana biyar ko ta wata guda, ba halin ka tafi da dabbar kuma babu wanda zaka bar wa ita hankalinka ya kwanta. Shi yasa mutane ke neman gidajen ajiyar dabbobi, inda zaka biya a riƙe maka ita, a ciyar da ita a kula da lafiyarta har ka dawo. Akwai masu kyau sosai wallahi, akwai kuma waɗanda kyansu a hoton Instagram ya tsaya. Abin da yafi damuna a lamarin shine dabba bata magana. Yaro in ka kaishi wani wuri aka wulaƙanta shi zai dawo ya faɗa maka, kare kuwa sai dai kawai kaga ya rame, ko yana tari, ko ya koma firgita in an ɗaga hannu, kuma ba zaka taɓa sanin me ya faru ba. Toh duk tambayar da shi ba zai iya yi ba kai ne zaka yi masa, tun kafin ka miƙa igiyarsa.

Kafin komai ka tsaya ka duba ko dabbar taka ma ta dace da irin wannan wurin. Kyanwa ta fi shaƙuwa da gidanta, sauya mata wuri yana wahalar da ita fiye da kare, in tafiyar kwana biyu ko uku ce kuma kana da amintaccen mutum da zai riƙa leƙowa safe da yamma yana zuba abinci da ruwa yana gyara mata wurin kashi, gaskiya barinta a gida ya fi. Ɗan kwikwiyon da bai gama allurai ba shima kar ka kaishi cikin taron karnuka, ƙungiyar likitocin ƙananan dabbobi ta duniya WSAVA ta ba da shawarar allurar ƙarshe ta jerin alluran kwikwiyo ta kasance a sati 16 ko sama da haka, kafin nan garkuwar jikinsa bata gama ƙwari ba. Tsohon kare, ko mai ciwon suga da ake yi wa allurar insulin, ko mai farfaɗiya, waɗannan ka fara tambayar likitan dabbobinka ko asibitinsu na karɓar ajiya, don hannun da ya san magani suke buƙata.

In ka tabbatar ajiyar ce mafita, ka fara nema da wuri, aƙalla sati uku zuwa huɗu kafin tafiya, in lokacin hutu ne da kowa ke tafiya ma ka fi haka saboda wuraren kirki su ke fara cika. Likitan dabbobi da ma'aikatansa su ne mutanen farko da zaka tambaya, su ake kai wa dabbobin da suka dawo daga ajiya ba lafiya, sun san inda matsala ke yawan fitowa ko da ba zasu faɗa maka kai tsaye ba. Sai sauran masu kiwo da ka sani. Ra'ayoyin mutane na intanet kuma ka karanta na masu ƙorafi, ka duba yadda mai wurin ya amsa musu, wanda ya hau zagin kwastoma don ya ce karensa ya dawo da ƙuma haka zai yi maka ranar da taka ta faru. Ka tara wurare biyu ko uku, kar ka tsaya kan ɗaya.

Sai ka buga waya. Tambayar farko, kuna da lasisi, kuma zan iya gani? Dokar ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, a Ingila misali dokar 2018 ta tilasta wa masu wannan sana'a karɓar lasisi daga ƙaramar hukuma, ana duba wurin a ba shi tauraro 1 zuwa 5. In inda kake akwai irin wannan ka nemi takardar, in babu toh dubawar ta dawo kanka gaba ɗaya.

Tambaya ta biyu ita ce ke tace wurare da sauri: wace allura kuke buƙata kafin ku karɓi dabba? In aka ce maka ai ba komai kawo shi kawai, ka yi godiya ka ajiye waya. Wurin da bai tambayi katin allurar karenka ba bai tambayi na karen da zai kwana kusa da shi ba. Ga kare, abin da ya kamata su nema shine allurar ciwon haukan kare, da haɗaɗɗiyar allurar nan ta distamfa (wata cutar karnuka mai kama numfashi da jijiyoyi) da fabo da ciwon hanta, sai rigakafin tarin gidan karnuka, wasu har da na cutar da ake ɗauka daga fitsarin ɓera. Fabo ba abin wasa bane, amai da zawon jini take sakawa, tana kashe ƙananan karnuka cikin ƴan kwanaki, kuma ƙwayar cutar na iya zama a ƙasa watanni tana jiran wani. Shi kuwa tarin, ta iska da kwanon ruwa yake yaɗuwa, rigakafinsa baya hana shi ɗari bisa ɗari amma yana rage tsananinsa. Ga kyanwa, allurar murar kyanwa da ta fabo ɗin kyanwa, su ma a haɗe suke zuwa, da ta ciwon hauka. Kuma don Allah kar ka bari sai ana gobe tafiya ka ruga asibiti, allura na buƙatar lokaci kafin ta fara aiki, wurare da yawa sai ta yi sati biyu suke karɓa. A wannan zuwan asibitin ka sa a ba shi maganin ƙuma da kaska da na tsutsar ciki. Abu ɗaya da nake so masu kyanwa su riƙe, maganin ƙumar kare mai sinadarin fametirin (permethrin) guba ne ga kyanwa, yana iya kashe ta, ka tambayi masu wurin da me suke feshi.

Yanzu sai babban matakin, zuwa ka gani da idonka, kuma ka je ba tare da dabbar ba don hankalinka ya kasance a kan wurin. Gani ya kori ji. In sun ce akwai lokacin da suke karɓar masu dubawa babu laifi, karnuka na rikicewa in baƙi na ta shige da fice, amma in aka tsayar da kai a ofis aka ce ciki ba a shiga sam, sai dai a nuna maka hoto a waya, toh akwai abin da basa so ka gani.

Hancinka zai fara gaya maka gaskiya tun daga ƙofa. Wurin da dabbobi suke dole ya ɗan yi warin dabba, wannan ba komai bane, amma zarnin fitsarin da ke yaji a ido ko kuma turaren feshi mai ƙarfi da aka bulbula don a rufe wani wari, duka biyun alama ce ta rashin wanki da rashin iska. Sannan ka saurara. Karnuka zasu yi haushi da ganinka, amma bayan ɗan lokaci ya kamata yawancinsu su lafa, in haushi ne ba ƙaƙƙautawa da kuka da kai-kawo cikin keji kamar zasu fasa, waɗannan dabbobin ba a fitar da su yadda ya kamata.

Ka sunkuya ka leƙa kwanon ruwa, ni nan nake fara kai ido. Kwano mai tsabta ruwan garai-garai yake har kana ganin ƙasansa, wanda ake ƙara wa ruwa kawai ba a wankewa zaka ga wani yauƙi ya kwanta a gindinsa, wani lokacin har ya fara kore a gefe, ga gashi na yawo a sama. Mutumin da bai wanke kwano ba ba zai tuna da ƙwayar magani ta ƙarfe takwas na dare ba. Daga nan ka duba daɓen, ya zama wanda ake iya wankewa, ruwa baya kwanciya, kuma fitsarin wannan ɗaki baya gangarawa zuwa na kusa da shi. Tsakanin ɗaki da ɗaki ya zama akwai bango ko wani abu toshasshe, ba waya kaɗai ba da zasu riƙa haɗa hanci ko su ciji juna. Girman ɗakin kuwa, kare ya iya miƙewa tsaye ya juya ya kwanta ya miƙe ƙafafu jelarsa bata dukan bango, kuma wurin kwanciyarsa a ɗage yake daga daɓe, nesa da inda yake kashi. Ka shafa ƙasan ƙofa da gefen waya ko akwai tsinin ƙarfe ko tsatsa.

Zafi da iska ka ba su muhimmanci sosai. Kare baya zufa kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa, ɗaki mai zafi mara iska na iya kashe shi cikin ƙanƙanin lokaci, musamman masu gajeren hanci irin su buldog da kyanwar Farisa, da masu ƙiba da tsofaffi. Ka tambaya in wuta ta ɗauke me suke yi, in sanyi ne kuma da me suke ɗumama wurin. Filin da ake sakinsu ya zama da inuwa da ruwa, katanga mai tsayi, ka duba gindinta ko akwai inda aka taɓa tonawa, kuma ƙofa biyu ce a jere ta yadda sai an rufe ɗaya ake buɗe ɗaya. Kare a baƙon wuri in ya samu kafa gudu zai yi neman gida.

In kyanwa zaka kawo, ɓangarensu dole ya zama daban, inda basa ganin karnuka kuma haushin baya cika musu kunne. Kowace kyanwa da ɗakinta, sai dai in daga gida ɗaya suka fito kuma sun saba, da shamaki tsakani don atishawar wannan kar ta kai ga waccan. A ciki tana buƙatar abu uku, wurin ɓuya ko da kwali ne, wuri mai tudu da zata hau, da tiren kashi da aka ajiye nesa da abinci da ruwa. Ka kalli waɗanda ke ciki. Wadda ta saki jiki zaka ganta ta naɗe ƙafafu ƙarƙashin ƙirji tana lumshe ido, wadda ke cikin tsoro kuwa ta maƙure a lungu, kunnuwa a kwance, baƙin idon ya buɗe gaba ɗaya, wani lokacin ma cikin tiren kashin take kwanciya saboda shi kaɗai ne mai warinta. Ɗaya ko biyu sababbin zuwa su yi haka ba mamaki, amma in duk haka suke wurin ne da matsala.

Kafin ka fita ka ce a nuna maka inda suke keɓe dabbar da ta kamu da ciwo, kuma ka tambayi da me suke wanke ɗaki in wata ta fita kafin a sa wata. Sabulu kaɗai baya kashe fabo, ana amfani da bilic da aka sirka, kashi 1 cikin kusan 30 na ruwa, a bar shi minti 10 sannan a ɗauraye a bari ya bushe, ko wani maganin da aka yi don haka. Ma'aikacin da ke yin aikin kullum zai amsa maka ba tare da ya je tambayo oga ba.

Duk da haka gini ba shine zai kula da dabbarka ba, mutane ne. Na fi yarda da tsohon wuri mai tsabta da ma'aikatan da suka san sunan kowane kare, a kan sabon wuri mai fenti da talabijin a bango wanda yaro ɗaya ke fama da karnuka talatin. Ka tambayi dabbobi nawa suke ɗauka in sun cika, ma'aikata nawa ke nan a lokaci guda, sannan tambayar da mutane ke mantawa, wa ke kwana? Wurare da yawa ana kulle su da yamma kowa ya tafi sai safe, kamara kuma bata buɗe ƙofa in gobara ta tashi ko ciki ya murɗe wa kare. Wannan murɗewar ciki tana kama manyan karnuka masu zurfin ƙirji irin su jaman shefad, ciki ya kumbura, yana yunƙurin amai ba abin da ke fita, kuma awanni kaɗan ne tsakaninsa da mutuwa in ba a kaishi asibiti ba. Ka tambaye su ko sun san alamunta, ka ga fuskarsu. In kyanwarka namiji ne ka tambaye su me zasu yi in sun ga yana ta zuwa tire yana nishi fitsari baya fita, amsar ɗaya ce, asibiti nan take, don toshewar mafitsara ce kuma damuwa na iya tayar da ita. Haka in kyanwa ta ƙi cin abinci, kar wani ya ce maka ai in yunwa ta ishe ta zata ci, kyanwa in ta yi kwana biyu zuwa uku bata ci ba hantarta na iya shiga matsala, musamman mai ƙiba. Wuri mai kyau yana rubuta wa kowace dabba abin da ta ci da ko ta yi kashi da fitsari, ka ce a nuna maka takardar wata dabbar.

Maganar sakin karnuka su yi wasa tare, ana tallata shi sosai amma ba kowane kare yake so ba. In zasu haɗa su, ya zama sun gwada halin kowanne tukuna, an raba manya da ƙanana, akwai mutum tsaye a cikinsu ba yana danna waya daga nesa ba, kuma sai da izininka. Ka faɗi gaskiya a kan naka, in ya taɓa cizo ko yana faɗa a kan abinci ko ba a yi masa fiɗiya ba ka faɗa, in mace ce kuma lokacin barbararta ya kusa shima ka faɗa, ɓoyewa kan jawo a ji wa wani ciwo. Ka tambayi sau nawa ake fitar da shi a rana kuma minti nawa, kar ka karɓi amsar "ai muna fitar da su sosai".

Sai takardar yarjejeniya, ka zauna ka karanta ta duka. Me kuɗin ya ƙunsa, ba da magani da fita yawo da wanka a ciki suke ko daban ake biya, ƙarfe nawa ake kawowa da ɗauka, in jirgi ya makara ka ƙara kwana ya za a yi. Wane likita suke kira da dare, wa zai biya, kuma har zuwa ina ka yarda su yanke hukunci in an neme ka ba a samu ba. Ka bar lambar wani na kusa da kai wanda baya cikin tafiyar, wanda ya san dabbar kuma zai iya zuwa ya ɗauke ta, ka sanar da shi tun kafin ka rubuta sunansa. Ka rubuta ɓaro-ɓaro cewa kar a ba dabbarka wani magani sai da likita, farasitamol ɗin da muke sha kamar ba komai ba yana kashe kyanwa.

In wurin ya kwanta maka, ka yi gwaji, ka kai kare ya wuni ko ya kwana ɗaya kana gari. A nan zaka ga yadda suke karɓarsa, mai sanin aiki baya faɗa wa baƙon kare ta sama yana shafa kai, zai tsuguna ya ba shi gefe, ya bari shi ya matso ya shinshina. Da ka zo ɗauka ka tambayi ya ci abinci, ya yi barci, in an ce maka komai lafiya lau ba wani bayani ka ƙara tambaya, wanda ya lura da shi da gaske zai ce maka da farko ya ƙi ci sai da aka zauna kusa da shi, ko baya son wancan baƙin karen.

Ranar kaiwa ka tafi da abincin da ya saba, wanda zai isa har da rarar kwana biyu ko uku, ka auna na kowane ci ka rubuta, sauya abinci kwatsam ga damuwar baƙon wuri zawo yake kawowa. Magunguna a cikin kwalinsu na asali da rubutun likita. Sai bargonsa ko wata tsohuwar rigarka da ka saka baka wanke ba, warin gida na kwantar musu da hankali, in kyanwa ce ka tafi da irin yashin tiren da ta saba. Abin wuyansa ya zama da lambar waya, in an saka masa ɗan cif ɗin nan na ƙarƙashin fata mai ɗauke da lambar shaidarsa ka tabbatar lambarka ta yanzu ce a rajistar, ka kuma ɗauke shi hoto a ranar ta kowane gefe, in da hali ka auna nauyinsa. Wajen rabuwa kar ka tsawaita, ka miƙa igiya ka yi masa magana yadda ka saba ka juya, in ka tsaya kana rungume-rungume murya na rawa shima sai ya ɗauka akwai abin tsoro. Ka roƙi su riƙa turo maka ɗan bidiyo ta WhatsApp, bidiyo ya fi hoto don zaka ga tafiyarsa da yanayinsa.

Da ka dawo ka duba shi tun a wurin kafin ku fita, ka shafa jikinsa duka, cikin kunne da tsakanin yatsu inda kaska ke maƙalewa, tafin ƙafa, hanci ko ya goge shi a waya, in ka ga rauni ka nuna musu a take. A gida kar ka cika masa kwano, zai sha ruwa da haɗama ya yi amai, ka ba shi kaɗan-kaɗan, abinci kuma sai ya huta ya natsu. Yawan barci na kwana ɗaya ko biyu da ɗan laushin kashi ba abin tashin hankali bane, kyanwa ma tana iya ɓuya ko ta share ka na ɗan lokaci, ka ƙyale ta zata fito da kanta. Amma tarin gidan karnuka na iya ɗaukar kwana 3 zuwa 10 kafin ya bayyana, don haka ka sa ido har sati biyu, in ka ji busasshen tari kamar abu ya maƙale masa a wuya, ko ka ga jini a zawo, amai ya ƙi tsayawa, ko ya ƙi abinci fiye da kwana ɗaya, ka kaishi asibiti ka faɗa wa likita daga inda ya fito, ka raba shi da sauran dabbobin gida, sannan ka kira gidan ajiyar ka sanar da su saboda waɗanda ke can har yanzu.